POTISKUM: GARIN DA HANYAR MOTA TA RAYA

Idan mutum ya shiga kasuwar hatsi a Anaca, ko Inugu, ko Aba, ya tsaya wajen masu sayar da wake, ba zai daɗe ba sai ya ji ana cinikin wani wake da ake kira "Patasko". Da yawa daga cikin masu saye da masu sayarwa ba su san cewa sunan gari ne suke ambata ba. Garin kuwa shi ne Potiskum, ko Pataskum kamar yadda 'yan ƙasa suke faɗi, wanda yake yammacin Jihar Yobe, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga bakin teku. Haka nan kuma naman da ake fawa a mayankar Oko-Oba ta Agege, da na Badun, da na Fatakwal, akwai wani kaso nasa wanda sai da ya bi ta karar Potiskum da ƙafafunsa kafin ya isa hannun mahauci.

Saboda haka zancen arzikin wannan gari bai tsaya ga mutanen Yobe kaɗai ba, ya shafi tukunyar mutumin Ikko, ya shafi ta mutumin Kano. Arzikin nan kuwa a kan abu uku ya kafu, watau gona, da kara, da babbar mota. Amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa dukansu uku a kan kwalta ɗaya suka rataya, kuma kusan duk abin da garin yake tarawa, ɗanye yake fita. Wannan shi ne ƙarfin Potiskum, shi ne kuma rauninta.

ASALIN GARI DA ZUWAN HANYA

Ƙasar Potiskum tun asali ta Ngizimawa ce da Karekare, ga kuma Bolawa maƙwabtansu daga kudu, wajen Fika. Unguwar Yerimaram tana cikin tsofaffin mazaunan wurin, kuma tana da babban matsayi a tarihin sarautar Ngizimawa. A wancan zamani sana'ar mutane ba ta wuce noman gero da dawa ba, da kiwon awaki da tumaki, da farauta, da ƙira, da saƙa.

Abin da ya juya al'amarin garin shi ne hanyar mota. A cikin shekarun 1920 Turawan mulki suka fitar da babbar hanyar da ta nufi Maiduguri daga yamma, ta ratsa ta Potiskum. A shekarar 1924 Sarkin Fika ya taso da fadarsa daga Fika ya dawo Potiskum, sai garin ya zama mazaunin En'e, da kotu, da baitulmali. Inda hukuma ta zauna kuwa, nan 'yan kasuwa suke sauke kaya. Hausawa suka zo, Barebari suka zo, Fulani suka matso da dabbobinsu, daga baya Inyamurai da Yarabawa suka buɗe kantuna. Sunayen unguwannin garin ma sun isa shaida, domin ga Hausawa, ga Bolewa, ga Dogo Tebo, ga Dogo Nini, ga Yerimaram. Yau garin yana da fada biyu, ta Sarkin Fika da ta Mai Potiskum.

Akwai kuma wani abu da garin bai samu ba, wanda rashinsa ya zama alheri. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Potiskum ba. Dogon da ya taso daga Kano ya bi ta arewa, ya tsaya a Nguru a 1930. Wanda aka ja zuwa Borno kuma ya bi ta kudu, ta Bauci da Gombe da Bajoga da Buni Yadi, ya isa Maiduguri a 1964. Potiskum ta zauna a tsakiya, ba reluwe, sai mota. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe a Nijeriya, garuruwan da suka dogara gare shi suka ja da baya, ita kuwa Potiskum da ma ta riga ta saba da mota, sai ta ci gaba abinta.

Hanyoyi huɗu ne suka haɗu a garin. Ta yamma ta rabu biyu, ɗaya ta yi Azare da Kano, ɗaya ta yi Bauci da Jos har kudancin ƙasa. Ta gabas ta nufi Damaturu, tafiyar wajen kilomita 100, ta wuce Maiduguri har iyakar Kamaru. Ta arewa ta yi Jakusko da Gashuwa, ta kudu kuma ta bi ƙasar Fika ta faɗa Gombe. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno ran 27 ga Agusta, 1991, Damaturu aka ba hedkwata, amma ciniki bai bi takardar gwamnati ba, ya zauna inda ya saba. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Potiskum tana da mutum fiye da 200,000, ga ta kuwa tana cikin mafi ƙanƙanta a jihar wajen faɗin ƙasa.

ABIN DA GONA TAKE BAYARWA

Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuma galibi jigawa ce. Don haka gero shi ne uban tafiya, sai dawa, sai wake da ake rafa shi a tsakanin kunyoyin gero. Ana noma gyaɗa, da riɗi, da masara inda ƙasa ta yi nauyi. Yawancin manoma ƙananan gonaki gare su, aikinsu da fartanya da garmar shanu, kuma abin da ya ragu bayan an cika rumbu shi ake kaiwa kasuwa.

A da can gyaɗa ce mai kawo kuɗi, zamanin da ake dala a Kano, ejan-ejan na hukumar ciniki suna bin ƙauyuka da sikeli. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar kuturtar gyaɗa da ta biyo baya a 1975, su suka karya wannan ciniki a Arewa duka. A 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. Daga nan manomin ƙasar Potiskum ya ƙara karkata ga wake, domin wake ba ya bukatar Bature ya saya, mutanen kudu suna nemansa kullum don ƙosai da alale da dafa-duka. Nijeriya ita ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake, ita ce kuma kan gaba wajen cinsa.

Kasuwar hatsin Potiskum ba abin da aka noma a Ƙaramar Hukumar kaɗai take karɓa ba. Ƙasar garin ba ta da faɗin da za ta cika motocin da suke tashi. Hatsin yana zuwa daga Nangere da Fune da Fika da Jakusko, da ƙauyukan Jihar Bauci na kan iyaka. 'Yan sari suna bin kasuwannin ƙauye suna aunar tiya-tiya, su haɗa buhu, su kawo wa manyan dillalai, su kuma su haɗa mota.

Wahalar manomi a nan tsohuwa ce. Da kaka kowa yana neman kuɗi a lokaci ɗaya, ga bashin takin zamani da aka ci da damina, ga hidimar aure, ga kuɗin makaranta, sai a zubar da amfani a kasuwa farashi ya faɗi. Mai jari ya saya ya kulle a sito. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, manomin nan shi zai dawo ya sayi geron da ya noma da tsada.

Wake kuma yana da tasa matsalar, domin ƙwaro ba ya barinsa ya daɗe a ajiye. Wannan ya sa waɗansu masu ajiya suke zuba masa magani mai guba fiye da kima, har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Maganin abin kuwa sananne ne, kuma ba tsada gare shi ba: buhun nan mai ninki uku wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, wanda idan an ɗaure bakinsa iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da guba ba. A gona ma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda yake jure tsutsar da take huda kwanso. Abin da ya rage shi ne waɗannan abubuwa su isa hannun ƙaramin manomi a kan lokaci, ba bayan shuka ta wuce ba.

RANAR LARABA A KARA

Sunan Potiskum ya fi fita ne ta wajen kasuwar shanu, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Laraba ce babbar ranarta, amma tun kafin ranar motoci suke fara sauke dabbobi. Shanun suna zuwa daga kasuwannin arewacin jihar, irin su Gaidam da Gashuwa da Nguru, da Jihar Borno, da ƙetaren iyaka, watau yankin Difa na Jamhuriyar Nijar, da Cadi. Mai ido zai iya rarrabe su: ga farare Bunaji, ga jajaye Rahaji masu dogon ƙaho, ga Wadara na Shuwa, ga Bokoloji marasa ƙaho sosai, wani lokaci har da Kuri masu kumburarren ƙaho na bakin Tafkin Cadi. A gefe kuma ga tumaki Uda da Balami, ga awaki, ga raƙuma.

Ciniki a kara yana da tsari wanda ya girmi banki. Baƙon da ya kawo dabba ba ya sayarwa da kansa, sai ta hannun dillali. Dillali shi ne mai masaukinsa, shi ya san mai saye, shi yake tsaida farashi, shi ne kuma shaida cewa saniyar ba ta sata ba ce. Idan daga baya aka zo cigiya, wuyansa za a kama. Ladansa ita ce la'ada. Sau da yawa falke yakan ɗauki shanu bashi bisa amanar dillali, ya kai kudu ya sayar, sa'an nan ya aiko da kuɗi. Dukiya mai yawa tana juyawa a wannan fili ba tare da an sa hannu a takarda ba, sai dai sanayya da tsoron zubewar mutunci.

Mutanen da suke ci daga kara ba su ƙidayuwa. Akwai masu kora, da masu kama sa su ɗaure, da masu lodi, da masu sayar da igiya, da masu harawa da dusa da ƙaiƙayi, da masu ruwa a kura, da masu abinci, da masu maganin dabbobi. A cikin gari kuma, a unguwanni irin su Yerimaram, gidaje da yawa suna da turke. Magidanci yakan sayi ramammen sa bayan damina, ya ɗaure shi wata uku ko huɗu yana ba shi harawar wake da dusa, ya fitar da shi ya yi ƙiba. Mata kuma suna kiwon raguna don Babbar Salla. Ta nan ne gona da kara suke haɗuwa, domin harawar wake da karan dawa su ne abincin dabba, kashin dabba kuma shi ne takin gona.

Kiwon ma ya ga nasa bala'in. Annobar bushiya ta 1983 ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a Arewa, ta zo kuma tare da farin 1983 da 1984. Ita bushiya an ga bayanta, domin a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, amma ciwon huhu da boru suna nan. Ga kuma ƙarancin makiyaya, domin jama'a ta yi yawa, gonaki sun cinye burtali da mashaya a wurare da dama, abin da yake jawo husuma tsakanin manomi da makiyayi kowace kaka.

GARIN MASU TIRELA

Dabba da hatsi ba za su kai kansu Ikko ba. A da, 'yan kora ne suke bin shanu a ƙasa wata da watanni, ko kuwa a kai su tashar jirgi a Nguru ko Kano. Da kwalta ta yi kyau a shekarun 1970, zamanin da kuɗin man fetur ya shigo, sai babbar mota ta karɓe aikin. Attajiran Potiskum suka zuba jarinsu a nan, har garin ya yi suna a Nijeriya wajen yawan masu tirela da direbobinta. Motar da ta sauka kudu da shanu ko wake ba ta dawowa wofi, takan hauro da manja, da garin rogo, da katako, da gishiri, da kayan kanti. Waɗansu kuma suna ɗaukar siminti daga Ashaka ta Jihar Gombe, wadda ba ta da nisa.

Kowace tirela gida ce mai ciyar da gidaje. Ga direba, ga yaran mota, ga ɗan kamasho mai nemo lodi, ga makanike, ga mai walda, ga mai faci, ga mai gyaran wuta, ga mai sayar da kayan gyara. Yaro yakan fara da wanke mota da ɗaure tamfol, ya yi shekaru yana bin ubangidansa, har ran da za a miƙa masa makulli. Ga samarin garin da yawa, wannan ita ce makarantar da suka sani.

Amma tafiyar kudu da shanu ba wasa ba ce. Kwana biyu ko uku dabbobi suna tsaye a cunkushe, rana ta doke su, ruwa ya doke su. Suna ramewa a hanya, wata ta karye, wata ta mutu a ƙarƙashin 'yan'uwanta. Ga shingaye barkatai, kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma da nata rasit, ban da na masu tare hanya da ba su da rasit ko kaɗan. Ga tsadar man dizal da taya. Duk wannan kuɗi a kan farashin nama yake komawa, mai saye a kudu ya biya da yawa, makiyayi a arewa ya karɓi kaɗan. A 2016 an gwada ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Ikko don rage wannan asara, amma abin bai ɗore ba.

RANAR DA HANYA TA TSAYA

Shekarun baya sun nuna yadda arzikin da ya rataya a kan hanya yake saurin girgiza. Ran 2 ga Mayu, 2012, 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar shanun Potiskum da harbi da abubuwan fashewa, suka kashe mutum fiye da 30, dabbobi da dukiya suka ƙone. A watan Mayu na 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa saboda rikicin Boko Haram, aka katse wayar salula na wani lokaci, alhali cinikin falke da dillali a kan waya yake tafiya. A watan Yuli na shekarar aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo, a Nuwamba 2014 aka kai harin bam a makarantar sakandaren kimiyya ta cikin gari, a farkon 2015 kuma aka tashi bam a kasuwar waya da tashar mota. Baƙin 'yan kasuwa da yawa suka tattara suka tafi. Duk da haka kara ba ta mutu ba, da ƙura ta lafa mutane suka komo, domin mai shanu dole ya sayar, mai yanka dole ya saya.

Bayan wannan ma hanya ta sha tsayawa saboda waɗansu dalilai. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Nan da nan nama da tumatir suka yi tsada a Ikko, a Arewa kuma kaya suka yi kwantai, kowane ɓangare ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, Bafulatanin da ba shi da asusun banki ya rasa yadda zai karɓi kuɗin sansa. A ƙarshen Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin kai kaya daga ƙauye ya tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka har Maris 2024. Da daminar 2024 kuma ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Ko wanne daga cikin waɗannan, a aljihun mutumin Potiskum ya fara sauka.

INA MASANA'ANTU?

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa garin da yake tara shanu haka ba shi da babbar masana'antar nama? Saniyar da aka ɗora a mota ba nama kaɗai ta tafi da shi ba. Ta tafi da kirginta, wanda maimakon ya je majemun Kano ya zama takalmi da jaka, sai ya ƙare a tukunya ya zama ganda. Ta tafi da ƙashi da jini, waɗanda ake sarrafawa su zama abincin kaji da taki. Ta tafi da ƙaho da kofato. Babban abin kuwa, ta tafi da aikin yi, domin mai yanka, da mai fiɗa, da mai awo, da mai ƙunshewa, duk a can za a ɗauke su. Haka riɗi, yana fita da ƙasarsa da tsakuwarsa, a tace shi a Kano ko Ikko, a sayar wa ƙasashen waje, ribar tacewa ta zauna a can.

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. Gwamnatin jiha tana da kamfanin fulawa da abincin dabbobi a Potiskum, da kamfanin kwanon rufi na Sahel Aluminium, waɗanda suka yi shekaru a kwance kafin gwamnatin Mai Mala Buni, wadda ta hau a 2019, ta ɗauki aikin farfaɗo da su. Ita ce kuma ta sa Potiskum cikin garuruwan da aka ware don masana'antar tace riɗi, ta gina wa garin sabuwar kasuwa. Amma tarihin kamfanonin gwamnati a Arewa ya isa gargaɗi. Kamfanin nama na Bauci da matatar mai ta Nguru duk an buɗe su da buri babba, suka zo suka yi shiru. Ma'aunin masana'anta ba ranar yanka ƙyalle ba ne, a koma bayan shekara biyar a ga ko inji yana juyawa, ma'aikata suna karɓar albashi.

Abubuwan da suke kashe irin waɗannan kamfanoni sanannu ne. Na farko wutar lantarki, domin ɗakin sanyi ba ya yiwuwa da wutar da take zuwa tana ɗaukewa, kuma a Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki a cikin duhu bayan an lalata manyan layukan wuta. Na biyu ruwa, domin mayanka tana shan ruwa ƙwarai. Na uku jarin juyawa, don injin da ba shi da kuɗin sayen hatsi da kaka zai yi zaman banza da rani. Na huɗu kuma shugabanci, watau a ba wanda ya san aiki, ba wanda ya san wani ba. Akwai kuma al'adar masu saye, domin mutane da yawa a kudu da arewa sun fi son naman da aka yanka da safe bisa wanda ya kwana a ƙanƙara. Amma otal-otal da manyan kantuna da makarantun kwana da barikokin soja kasuwa ce babba wadda ba ta da wannan ƙyama.

DARASI DAGA INDIYA

Akwai gundumomi biyu a Indiya da suka cancanci mutumin Potiskum ya san labarinsu. Ta farko ita ce Anand, a Jihar Gujarat. A 1946 ƙananan makiyaya na wurin, waɗanda 'yan tsakiya suke saye musu madara da arha, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar gama-kai. Kowane ƙauye ya sami wurin tara madara safe da yamma, a auna, a gwada maiƙonta, a biya mai ita, sa'an nan a kai masana'antar da su makiyayan ne masu ita. Daga nan aka sami kamfanin Amul. A 1970 gwamnatin Indiya ta yaɗa tsarin a ƙasa duka ƙarƙashin jagorancin Dokta Verghese Kurien, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. Nijeriya kuwa, da duk shanunta, har yanzu garin madara take sayowa daga waje, matan Fulani suna yawo da ƙwarya a ka.

Ta biyu ita ce Namakkal, a Jihar Tamil Nadu, wadda ita ma ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, kuma garin masu manyan motoci ne kamar Potiskum. Mutanenta ba su tsaya ga tuƙi ba, suka shiga ƙera bodin motoci da tankoki, har ana kawo musu aiki daga jihohi masu nisa. Suka kuma kafa gonakin kaji, motocinsu suna kawo abincin kaji suna fita da ƙwai, har gundumar ta yi suna da ƙwai a Indiya duka. A wuraren nan biyu ba wani sabon arziki aka tono daga ƙasa ba, abin da yake hannu aka ƙara wa daraja kafin ya bar gida.

ABIN DA YA RAGE A YI

Potiskum ba daga sifili za ta fara ba. Tana da dabbobi, tana da hatsi, tana da motoci, tana da attajirai masu jari, tana da makanikai da maƙera, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha a cikin garin. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, saura a ga aikinta a ƙasa. Abin da ake bukata daga hukuma ba shi da yawa, amma mai nauyi ne: wuta tsayayya ko da ta hasken rana ce, rijiyoyin burtsatse a kara, likitocin dabbobi da allurar rigakafi, tsare burtali, rage shingayen hanya, da tabbatar da tsaro.

Sauran aikin na 'yan gari ne. Dillalan kara suna da ƙungiya, masu motoci suna da tasu, 'yan hatsi suna da tasu. Idan waɗannan suka haɗa jari suka kafa mayanka ta zamani da ɗakin sanyi, masu tirela suka sayi motoci masu firji, manoman wake suka sami sito na gama-kai inda za su ajiye amfaninsu su karɓi rance har farashi ya tashi, to, kuɗin da yake bin kwalta yana tafiya zai fara kwana a gida. Ba a ce a daina kai shanu a tsaye ba, wannan ciniki zai daɗe. Amma ko ɗaya cikin goma aka yanka a Potiskum, samari da yawa na Yerimaram da Dogo Tebo da Mamudo, waɗanda yau ba su da zaɓi sai bin mota ko tafiya ci-rani, za su sami abin yi a ƙofar gidansu.